Tunkiyar Farko

Tsibirin Apiao, 14 ga Nuwamba

Ɗana Eleodoro,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Nolfa da 'yan matanku biyu. Da fatan tarin nan ya saki Nolfa. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni ruwan sama tun rediyo bai sani ba. Dankali ya yi kyau. Tumakin marigayi babanka Hipólito sun haifi shida, kare ya cinye ɗaya. Ba zan faɗi karen waye ba, amma ka san gidan da ke bayan coci.

To, ga abin da ya sa na nemi biro. Ɗan'uwanka Belarmino ya kusa zama abin tausayi. Makon jiya ya yi kwana biyu a ruwa da ƙugiya ɗari takwas, ya dawo mini da kifin merluza tara. Tara, Eleodoro! Ko sardin da zai sa wa ƙugiyar ma sai ya je Achao ya saya, mu da muke kwasar sa da kwando a bakin gaɓa kana yaro. Ka kuwa san inda sardin ɗin ya tafi. Jiragen Calbuco masu taru ne ke share shi su kai wa kamfaninku, ku niƙa ku yi wa salmon abinci, kifin da ban taɓa sawa a baki ba sai wanda ya tsere daga keji. Duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci.

Ran Lahadi wani mutum da ake kira don Rosamel Ulloa ya zo daga Calbuco, ya zauna mini a kicin ya shanye shayin mate kofi uku. Yana da jirgin sardin, amma tarunsa ya tsufa. Ya ce in Belarmino ya kawo sabon taru, ya shiga jirgin da kasonsa. Ya ce kamfaninku ba ya ƙoshi, ko nawa aka kai haɗiyewa yake. Na ce a raina, tunda kwasa ake yi da mu ko babu mu, me zai sa ɗana ya zauna yana ƙirga kifi tara?

Abin taru ba ni da shi, sai dai in kira medan. Kowane gida ya kawo tunkiya guda, ni kuma in yanka alade in cika su da giyar tuffa, kamar yadda aka yi wa su Chiguay shekarar da gidansu ya ƙone. Amma ba zan tara mutanen tsibiri a kan maganar baƙo ba. Kai ne a ciki, kai ke zaune gaban sikeli. Gaskiya ce ko ƙarya?

Kada ka ce in kira ka a wayar shagon doña Uberlinda. Matar nan sai ta goge teburin shago ɗaya sau goma in ana magana. Ka ba Arcadio mai jirgin Alhamis amsa.

Goggonka da ta yi maka wanka,
Orfelina Millalonco

*

Calbuco, 3 ga Disamba

Goggo,

Na sami wasiƙarki, na ji daɗi ƙwarai. Nolfa ta warke, tana gaishe ki, ta ce ki daina durƙusawa a gona da wannan gwiwar. Na gaya mata ta ɓata bakinta a banza.

A tsaye nake rubutun nan, motoci na jira a ƙofa. Don Rosamel bai yi miki ƙarya ba. Yau dai kam, ko Belarmino ya juye mana teku gaba ɗaya, niƙewa za mu yi. Ruwan arewa ya yi ɗumi bana, ƙananan kifin Peru da ake mana gari da su sun ɓace, shi ya sa sardin ɗinmu ya yi daraja.

Sai dai akwai abin da ban gane kansa ba tukuna. Masu jarin kamfanin sun turo baƙi biyu daga ƙasar waje, suna ta tambayoyi a kan inda kowane buhu ya fito, kuma an ce in raka su har Peru bayan Kirsimeti. Ki ɗan dakata in ga inda aka dosa, zan rubuto miki dalla-dalla.

In kuwa ranar medan ta zo, kada a ce ɗan Hipólito ya zo hannu rabbana. Ki ware tunkiyar nan mai baƙar fuska a cikin na Baba, ita ce tawa. Ki ce wa Belarmino merluza tara ma ya yi ƙoƙari, don muna yara ko ƙaguwa ba ya iya kamawa.

Ɗanki,
Eleodoro

*

Apiao, 25 ga Janairu

Ɗana Eleodoro,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai gajiyar biki. Kai kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu, mako bakwai ba ko layi ɗaya. Da fatan Peru ba ta cinye ka ba.

Allah ya yi maka albarka! Da na karanta inda ka ware mai baƙar fuska sai da na share hawaye da gefen gyale. Ka san yadda muke yi, ba a aika gayyar medan sai wani na jini ya fara ambaton tunkiyarsa, in kuwa ya ambata to an buɗe ƙofa ke nan. Maganar dakatawa da ka sa a sama na ɗauke ta irin maganarku ta ofis, wadda ba ku iya cewa e sai kun kewaya. Wanda ya ba da tunkiyar farko ai ya gama magana. Washegari na bi gida-gida ina cewa Eleodoro na kamfani ne ya buɗe. Da jin sunanka babu wanda ya sake tambaya.

An yi ran Asabar. Tumaki talatin da bakwai, Eleodoro! Har gwauruwar nan Ercilia da ke da uku kacal ta jawo ɗaya da igiyar shanya. Na ce haba Ercilia, ta ce in rufe mata baki, ai ɗan Hipólito ba zai kai mu ga ruwa ba. Na yanka alade, mun soya milcao, wainar dankalin nan tamu, har hannuna ya ƙage. Tsoho Chiguay ya sha ya yi tatul, ya yi ta rawa da tsintsiya yana kiran ta da sunan matarsa. Karen bayan coci ma ya zo, na jefe shi da itace.

Arcadio ya kwashe tumakin zuwa Achao a sahu biyu. An sayar, Belarmino ya wuce Puerto Montt ya sayo tarun. Mutum takwas ne suka ɗaga shi. Jiya ya shiga jirgin don Rosamel da sababbin takalman roba, yana tafiya yana buɗa kafaɗa, ko waiwayowa bai yi ba.

Ka rubuto mana, kai. Ko ka zama babban mutum ne?

Goggonka,
Orfelina

*

Chimbote, Peru, 8 ga Janairu

Goggo,

Ina gaishe ki daga wuri mai nisa. Lafiyata ƙalau, cikina ne kawai bai shirya da barkonon mutanen nan ba. Allah ya sa wannan ta same ki da wuri.

Kada ki kira medan. Kada Belarmino ya sayi ko igiya. Na fara da wannan ne don in kin gaji da karatu ki tsaya a nan.

Da kin ga garin nan da kin riƙe baki. Jirage sun fi ɗari a ɗaure, masana'antun garin kifi ba hayaƙi, maza na zaune a bakin ƙofa suna wasa da hula. Kifin ya tafi a cikin wata biyu, ba wanda ya yi wa sallama. Ɗaya daga cikin baƙin nan, wata mata mai ɗan littafi da ba ta dariya, ta tsaya tana kallo, sannan ta juyo ta tambaye ni: sardin ɗin da kuke saya a tsakanin tsibiranku, wa ya taɓa auna nawa ya rage? Na ce babu. Ta ce to in ya yi irin wannan tafiyar fa, me salmon zai ci? Masu jari tsoro suke ji, Goggo. Ba sa son dukiyarsu ta tsaya a kan kifin da zai iya ɓacewa kafin kaka. Masu sayen salmon a ƙasashen waje kuma sun fara cewa sai sun ga takardar inda abincinsa ya fito.

Aka ce ni da ke gaban sikeli in rubuta abin da nake gani. Na rubuta. Fiye da rabin abin da jiragen Calbuco ke kawowa bai kai tsawon yatsana ba, ko ƙwai bai taɓa yi ba. Jiya a ɗakin otal suka yanke shawara a gabana. Daga farkon Afrilu kamfani ya daina sayen sardin na tsakanin tsibirai. Za a koma waken soya da ragowar kaji, da ɗan garin kifi mai takarda.

Ba a sanar ba tukuna, kuma in aka ji daga bakina ya fita, aikina ya tafi. Shi ya sa ban kira shagon doña Uberlinda ba. Ki ce wa don Rosamel kin fasa kawai, kada ki ba shi dalili. Belarmino ya ƙara haƙuri, in na dawo za mu zauna.

Ɗanki,
Eleodoro

*

Apiao, 28 ga Fabrairu

Eleodoro,

Lafiya muke, tunda dole a faɗa. Gwiwa tana nan. Ka gaida Nolfa, ita ba ta yi mini komai ba.

Jiya wasiƙarka ta Peru ta iso. Kwana hamsin tana yawo, duk ta sha tambari kamar ta je yaƙi. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na fita bayan gida don kada tukunya ta sha duka a banza.

Kai yanzu ba ka ji kunya ba? Kwana goma sha biyu kafin medan ka san wannan, ka ɗauki magana irin wannan ka jefa a akwatin gidan waya na wata ƙasa! Wai kana tsoron kunnen Uberlinda. Da ka kira ka ce Goggo, a fasa yanka alade, ai da na gane. Aikinka ka tsare, ni kuma ka bar ni na bi gida talatin da shida da sunanka a bakina.

Kuma ashe kai ne ma ka rubuta takardar! Wata mata ta zo da ɗan littafi ta ɗaure maka fuska, sai ka zazzage mata komai. Ita ta san Ercilia? Ta san abin da ake nufi da mace mai tumaki uku ta ba da ɗaya? Shekara nawa suna haɗiye sardin ɗinmu ba su tambayi tsawonsa ba, sai ranar da ɗan Orfelina ya sayi taru ne suka tuna da tausayin kifi? Munafukai! Da muna kuka kifi ya ƙare ba wanda ya zo da littafi.

To ka saurara. Hannun da ya ɓata shi zai gyara. Biro yana hannunka, sikeli yana gabanka. In Afrilu ta zo, abin da jirgin don Rosamel ya kawo ka rubuta cewa daga babban teku ya fito, can waje. Wa zai bi ruwa ya duba? Jirgi ɗaya ne tak. Shekara biyu kawai nake roƙo, tarun ya mai da kuɗinsa, in iya ɗaga kai a coci.

Ban faɗa wa kowa ba, har Belarmino. Na riƙe maka sirrinka, ka ga ni na san abin da ake kira jini. Ranar da ruwa ya ci babanka kana shekara shida, ban aika maka wasiƙa ba, da ƙafata na zo na ɗauke ka.

Orfelina

*

Calbuco, 12 ga Maris

Goggo,

Ina gaishe ki, ko ba ki amsa ba. Muna lafiya. Na dawo na tarar da wasiƙunki biyu tare, ta biki da ta faɗa, na karanta su a jere. Tun ranar ban ci abincin kirki ba.

Laifin waya na ɗauka. Da na kira. Na yi tsoro, kuma na zaci kina jira kamar yadda na roƙa. Amma maganar tunkiya, Goggo, haba! Na rubuta miki baƙi a kan fari ki dakata. Shekara goma sha tara rabona da medan, wallahi na manta cewa ambaton tunkiya buɗe gayya ne. Ni kara na yi miki. Kin tsallake layi uku da ba ki so, kin rungumi ɗaya da kike so, yanzu kuma ni ne maci amana?

Abin da kika nema ba zan yi ba. Ba don matar nan mai littafi ba. Ran Litinin jirgin don Rosamel ya sauke kaya a gabana, Belarmino na tsaye yana yi mini murmushi. Na sa hannu na ɗebo, kifi goma sha huɗu a tafina ɗaya. Ke kika rubuto mini merluza tara. Me kike zaton merluza ke ci? Abincinta ne muke niƙawa tun bai girma ba. In na yi ƙaryar nan shekara biyu, ranar da Belarmino zai koma ga ƙugiyarsa ko taran ba zai samu ba, shi da duk wanda ya kawo miki tunkiya.

Kada kuma ki zaci ina kare mutanen nan. Ni na fi ki jin haushinsu, don ni nake zama da su. Ba teku ce ta dame su ba, jarinsu ne. Watan Disamba su suka ce mu gaya wa masu jirage su ƙaro taru, kamfani na saye. Yau sun juya baya, ko a jikinsu, wanda ya sayi taru ya san ta kansa. Na tambayi manaja waken soyan fa, wa ya auna dajin da aka sare aka shuka shi? Ya ce in bari sai masu jari sun tambaya. Na ce a ba masu jirage ko shekara guda su shirya, ya dube ni ya ce ko ina da ɗan'uwa a cikinsu ne. Na tattara takarduna na fita ban ambaci Belarmino ba, Goggo, kuma abin yana cina har yau.

Jibi za a kafa sanarwa a ƙofa. Ki bari in zo Ista mu yi magana baki da baki. Ni zan tsaya gaban mutane in ce ni na jawo.

Ɗanki, ko kin ƙi,
Eleodoro

*

Apiao, 19 ga Agusta

Eleodoro,

Muna raye. An yi sanyi bana, gwiwa ta kumbura ta sace. Wasiƙunka uku na bayan Ista suna kan shiryayye, ban buɗe ba. Na ce wa Arcadio kada ya ɗauko ka, kuma na ji ya bi maganata.

Tunda kai ka buɗe medan, ya kamata ka ji yadda ya rufe. Da aka kafa sanarwarku, don Rosamel ya haukace, ya ce kafin Afrilu sai ya kwashe abin da zai iya. Ran Alhamis ta ƙarshe a Maris, da rana tsaka, sai ga jirginsa a bakin gaɓarmu, daidai inda kuke kwasa da kwando. Duk tsibiri ya fito ya tsaya. Ga Belarmino yana ja, kansa a ƙasa. Ba wanda ya yi ihu. Tsoho Chiguay ne kawai ya matso ya ce, "Orfelina, wancan gefen tarun da ke nutsewa, tunkiyata ce ko ta Ercilia?" Da ƙasa ta tsage da na shige.

Da yamma Belarmino ya kawo mini bokiti guda in soya. Na ɗauki wuƙa na rasa inda zan sa ta, ba cikin da za a fede. Kaji na zuba wa. Ban ce kana da gaskiya ba, abin da na gani na faɗa.

Tun Afrilu jirgin yana ɗaure. Don Rosamel ya ce kason Belarmino taru ne, ya zo ya ɗauki kayansa. Tarun yana nan a rumbuna ya cinye wurin dankali, wanda ke son shingen kaji ya zo ya yanka. Shi kuma Belarmino ya sami aiki a kejin salmon na bayan Chaulinec, yana watsa musu waken soyanku da cokali daga safe zuwa yamma.

Da tumakina suka fara haihuwa na ja ɗaya na kai wa Ercilia. Ta tsaya a bakin ƙofa ta fashe da kuka, ta ce, "Me na yi miki, Orfelina?" Tunda ka ce ka manta al'ada, bari in tuna maka wannan: ba a mayar da tunkiyar medan sai ga wanda aka yanke hulɗa da shi. Na jawo abata na dawo. Gida talatin da shida ba wanda zai karɓa, haka zan yi ta gaisawa da su har in mutu.

Saura gida ɗaya. Mai baƙar fuska ban sayar ba. Ranar da Arcadio ya zo kwasa na kasa, don jikar tunkiyar da babanka ya fi so ce, sai na sa tawa a madadinta. Ga ta nan tare da wannan takarda. Arcadio zai kai ta Achao, ƙaninsa mai mota ya sauke maka ita a ƙofar kamfani. Kai ka fara bayarwa, kai na fara mayar wa.

Orfelina Millalonco

Kada ka kuskura ka ba ta abincin nan naku. Ciyawar teku take so, wadda ruwa ke bari in ya janye. Kuma ciki gare ta, ba za ta wuce tsakiyar Satumba ba, haihuwar fari ce. Kai ko kaza ba ka taɓa karɓar haihuwarta ba, kashe mini ita za ka yi. In ka ga nononta ya cika, ka sa ta a mota ka kawo ta da kanka. Na gaya wa Arcadio in da tunkiya ka zo ya ɗauko ka.